Ba a Ƙasan Teku Rana ke Ƙona Mai Nutso Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Bahar Maliya da safe, a Hurgada ko Sharm El-Shek ta Masar, ko a Abhur da ke arewacin Jidda, ya ga jiragen da ke ɗibar masu nutso. Wajen ƙarfe takwas suke tashi, an jera tukwanen iska a gefe guda, ba sa dawowa sai bayan la'asar. A cikin waɗannan awanni bakwai ko takwas, abin da mutum zai yi a ƙarƙashin ruwa bai wuce nutso biyu ba, wani lokaci uku, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. Sauran yinin gaba ɗaya a sama ake yin sa: tafiya zuwa wurin murjani, haɗa kaya, sauraron bayanin jagora, hutun da dole a yi tsakanin nutso da nutso, cin abinci, sannan komowa. Mai nutso yana ba da hankalinsa duka ga awa biyun da zai yi a ƙasa, ya duba iskarsa, ya duba agogon zurfi, ya duba abokin nutsonsa. Awa biyar ɗin da zai yi a sama kuwa ba ya lissafa su cikin haɗari, alhali a cikinsu ne fatarsa ke gasuwa.

Hasken rana kala-kala ne. Akwai wanda ido ke gani, akwai wanda jiki ke ji a matsayin zafi, akwai kuma wanda ba a ganinsa ba a jinsa, wato wanda ake kira UV. Iri biyu nasa ne ke isowa ƙasa. UVB shi ne kaɗan, amma shi ne mai cizo: yana lalata ƙwayoyin halittar da ke saman fata, jiki ya tashi tsaye ya kashe waɗanda suka lalace, hanyoyin jini su buɗe, wurin ya ɗau zafi ya kumbura. UVA kuwa shi ne kusan kashi 95 cikin ɗari na abin da ke iso mu. Ya fi shiga cikin fata, shi ke tsofar da ita, ya bar mata tabo, kuma yana da hannu a sankarar fata. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ɓarnar ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan awa biyu zuwa shida fata ke fara raɗaɗi, sai ta kwana ta kai maƙura, bayan 'yan kwanaki ta fara saɓa. Kafin mutum ya ji wani abu, aikin gama ya gama.

A teku kuma abin ya fi muni, domin ƙararrawar da muka saba dogara da ita ba ta kaɗawa. A tudu zafi ne ke korar mutum zuwa inuwa. A kan jirgi iska tana kaɗawa, jiki a jiƙe, mutum yana jin sanyi har yana rawar ɗari, amma UV bai ragu da komai ba, don shi babu ruwansa da zafi ko sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar ma'aunin UV da ta fitar a 2002, ta ce sama da kashi 90 na wannan haske na iya ratsa gajimare marar kauri. Rairayi yana maido da kusan kashi 15 sama, kumfar teku kusan kashi 25. Ke nan daga sama ana dukan mutum, daga ƙasa ma ana dukansa, shi ya sa ake samun ƙuna a ƙarƙashin haɓa da ƙasan hanci, wuraren da hula ba ta karewa.

To ruwan fa? Yana karewa, amma sai an yi ƙasa. Jagorar nan ta ce a zurfin rabin mita, ƙarfin UV yana nan kusan kashi 40 na abin da yake a sama. UVB ne ke fara ƙarewa, UVA ya fi shi nisa, musamman a ruwa garai-garai irin na Bahar Maliya, wadda babu wani babban kogi da ke zuba mata laka. Wanda ya sauka mita 15 ko 18, iyakar da ake bai wa mai takardar shaida ta farko, ya fita daga hannun rana. Amma wanda ke iyo a saman ruwa da bututun numfashi, fuska a ƙasa yana kallon kifaye, ya miƙa wa rana ƙeyarsa da bayansa da sha-raɓarsa da bayan gwiwoyinsa, ruwa yana sanyaya shi, ya shafe awa guda bai sani ba. Haka ma mai tukunya idan ya taso yana shawagi yana jiran ƙaramin kwale-kwale ya zo ya ɗauke shi. Minti goma ko ashirin, fuska a sama, ruwa ya riga ya wanke duk abin da ya shafa da safe.

A dubi abin da ke faruwa bayan nutso na farko. Mutum ya hau tsani, an karɓi tukunyarsa, ya zuge zif ɗin baƙar rigar robar nan, ya sauke ta zuwa ƙugu, hannayenta suna reto. Leɓɓansa sun yi sanyi, yatsunsa sun yamutse. Ga rumfa a ƙasan jirgi, amma iska tana kaɗawa a cikinta, don haka sai ya haura bene inda babu rufi, ya shimfiɗa tawul, ya kwanta ya sha hantsi. Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi ko ta wuce. Hutun nan dole ne, domin jiki yana buƙatar lokaci ya fitar da iskar naitrojin da ya sha a ƙasa, kuma yawanci awa ɗaya ake yi ko fiye. Sai ya zamana ƙa'idar da aka kafa don ta tsare ransa ita ce ta ajiye shi, kafaɗa da ƙirji a buɗe, a daidai lokacin da rana ta fi kaifi. Wajen kashi 60 na UV na yini tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana yake sauka. Bahaushe ma ba ya buƙatar agogo a nan. Likitocin fata suna cewa muddin inuwarka ta fi ka gajarta, rana tana ƙuna, mu kuwa da tsawon inuwa muka tashi muna gane shigar la'asar. Daga hantsi har inuwa ta kamo tsawon mai ita, lokacin rumfa ne.

Na san abin da mai karatu zai ce: wannan ai matsalar Turawa ce, mu baƙaƙe rana ba ta ƙona mu. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1979 ya auna saman fatar baƙar fata ya samu tana ba da kariya daidai da SPF 13 da ɗoriya (SPF ita ce lambar da ake rubutawa a man kariyar rana don nuna ƙarfinsa), ta farar fata kuwa 3 da ɗoriya. Bambanci ne babba, kuma shi ya sa sankarar fata ta rana ta yi ƙaranci a cikinmu. Amma 13 ba ta kai 30 da likitoci ke nema ba, kuma ba a yi ta don yini guda cur a kan ruwa a ƙasar da ma'aunin UV ke haura 11 da bazara ba. Baƙar fata tana ƙuna. Ba ta yin ja yadda kowa zai gani, sai dai ta ƙara duhu, ta yi tauri, ta ɗau zafi, riga ta taɓa ta a ji kamar an watsa barkono, daga baya goshi da hanci da kafaɗu su saɓe. Tabon da ke biyo baya kuma ya fi daɗewa a jikinmu, wani ya shafe watanni.

Sannan a cikinmu akwai waɗanda wannan kariyar ba tasu ba ce. Zabiya shi ne kan gaba, domin fatarsa ba ta da launin da ke tare hasken, kuma sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiyoyi da ƙuruciyarsu a Afirka. Sai masu bilicin, kuma wannan ya fi damuna saboda yawansu. Man da ke ɗauke da haidrokwinon yana hana fata yin launinta, wanda ke ɗauke da sitiroyid kuma yana sirantar da ita. Wadda ta shekara tana shafa irin wannan, ko wanda ya shekara yana shafawa, don ba mata kaɗai ba ne, ya zubar da garkuwar da aka haife shi da ita, kuma a kan jirgi rana ba za ta yi masa sassauci ba. Akwai kuma magunguna masu sa fata ta kasa jure rana. Doksisaikilin, wanda ake sha don ƙuraje da wasu cututtuka, ake kuma bai wa matafiya don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shi ne sananne. Wani maganin hawan jini mai sa fitsari, haidroklorotayazaid, shi ma yana yi. Ba a cewa a daina sha, amma mai shan su ya gaya wa likitansa kafin tafiya.

Da an ce kariya daga rana, hankali yana tafiya ga man shafawa. Man yana aiki, sai dai a teku aikinsa yana da iyaka, kuma ya kamata a san iyakar. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 na UVB, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98. Lambar ba ta cewa komai a kan UVA, sai kwalbar ta faɗa daban cewa tana tare iri biyun. Kuma an samo waɗannan lambobi ne da shafa miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita ta fata, wato wajen cokalin shayi bakwai ga jikin babban mutum, ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa kaɗai. Mutane kaɗan ne ke shafa ko rabin haka. Game da ruwa kuwa, tun 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana kamfanoni rubuta cewa mansu ba ya wankuwa. Abin da aka yarje musu su ce shi ne yana jure ruwa na minti 40 ko na minti 80. Nutso ɗaya ya cinye wannan. A ƙara da tawul, da gumi, da gogar rigar roba wajen sakawa da cirewa.

Mai nutso yana da tasa matsalar ta daban. Man da aka lafta a goshi yana gangarowa cikin gilashin fuska, ya shiga ido a zurfin mita 20, inda babu halin murzawa. Yana sa bakin robar ya yi santsi ruwa ya riƙa shiga, yana kuma dusashe gilashi idan yatsa mai maiƙo ya taɓa shi. Saboda haka da yawa suke barin fuska haka nan, ita kuwa fuskar ce ke kallon sama in an taso.

Sai kuma batun murjani, wanda ya mayar da zancen man shafawa zancen doka. Murjani dabba ce ƙarama mai rai, tana zaune da wani gansakuka a cikin jikinta wanda ke ciyar da ita ya kuma ba ta launi. Idan ta takura sai ta kore shi, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Binciken da Craig Downs da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa oksibenzon, sinadarin da ke cikin mayuka da yawa, yana nakasa 'ya'yan murjani a ɗakin gwaji. A 2022 masu bincike a jami'ar Stanford suka gano wata hanyar da abin ke bi: jikin dabbar yana juya sinadarin, sai ya zama guba idan hasken rana ya sauka a kansa. Ƙasar Palau, mai tarin tsibirai a tekun Fasifik, ta haramta mayuka masu ɗauke da sinadarai goma daga farkon 2020. Jihar Hawai ta Amurka ta sa hannu a dokarta a 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ta hana sayar da masu oksibenzon da oktinokset. Tailan ta hana su a gandayen tekunta a 2021, da tarar da ke iya kaiwa bat 100,000 na kuɗin ƙasar.

Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Yawan sinadarin da ake zubawa a tankin gwaji sau da yawa ya fi wanda ake aunawa a buɗaɗɗen teku, kuma rahoton da cibiyar kimiyya ta ƙasa ta Amurka ta fitar a 2022 bai yanke hukunci ba, kira ya yi da a yi cikakken nazarin haɗarin. Babban mai kashe murjani a duniya ɗumamar ruwa ne, wadda ta sa a Afrilun 2024 aka ayyana farin murjani na duniya karo na huɗu. Rubutun da ake mannawa a kwalba cewa man ba ya cutar da murjani kuma babu wata hukuma da ta tsara ma'anarsa, kowa na iya bugawa. Ko zink oksaid, wani sinadarin man shafawa da ake yabo, an samu wani nau'insa yana illa a gwaji. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa a yi wasa da abin ba. A ƙaramin gaɓa inda jirage goma ke tsayawa kullum, kowanne da mutum ashirin, abin da ke wankuwa daga jikinsu a wuri ɗaya yake taruwa. Murjanin Bahar Maliya, musamman na arewacinta, yana cikin waɗanda suka fi jure zafi a duniya. Sanganib, matattarar murjani da ke cikin teku gaban Fot Sudan, garin da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsa a kan hanyar hajji, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016. Dukiya irin wannan ba a ƙara mata nauyi, ko da nauyin ƙarami ne.

A ganina mafitar tana jikin tufafi, kuma ita ce ke raba gardamar fata da murjani a lokaci guda. Rigar robar nutso ba ta barin UV ya ratsa ta. Wadda ta rufe hannu da ƙafa ta fi mai gajeren hannu ko da ruwan da ɗumi, ga shi tana kare mutum daga kaifin murjani da harbin halittun ruwa. Matsalarta ɗaya, ba a iya zama da ita a rana, domin zafi zai galabaitar da mutum ya ƙone masa ruwan jiki. Maganin wannan shi ne siririyar riga mai dogon hannu da ake sakawa a ciki, irin wadda aka rubuta wa UPF 50, ma'ana kashi 2 cikin ɗari kaɗai na hasken ke ratsa ta. In an sauke rigar roba, ita tana nan, kuma ba ta wankuwa, ba ta ƙarewa bayan minti 80. Kada a ɗauka farar singileti ta auduga za ta yi wannan aiki. Kariyarta ba ta wuce 5 zuwa 7 ba a bushe, in ta jiƙe kuma ta ƙara raguwa. A kan jirgi a ɗora hula mai faɗin baki irin malafa, mai igiya don iska, da ƙyalle a wuya, da tabarau mai tare UV, domin ido ma yana ƙuna, kuma yanar da ke tsirowa a farin ido ta yi yawa ga masu aikin ruwa. Matanmu da ke son suturta jiki sun samu riba biyu a nan. Kayan iyo masu rufe jiki duka, irin wanda Aheda Zanetti ta ƙirƙiro a Ostireliya a 2004, suna yin daidai abin da likitan fata ke nema, in dai ba masu yalwa ba ne da za su sarƙe da kayan nutso.

In an yi haka, abin da ya rage wa man shafawa kaɗan ne: fuska, kunnuwa, ƙeya, bayan hannu, saman ƙafa, tsagar kitso ko sanƙo, da leɓen ƙasa wanda kowa ke mantawa. A nan mai zink oksaid ya fi dacewa, don ba ya cika yaji a ido. A baƙar fata yana barin fuska furu-furu, kuma wannan ne ke sa mutane su guje shi, amma akwai mai launin ƙasa-ƙasa da ke ɓacewa a jiki, ga shi yana taimakawa wajen hana tabo. A shafa shi tun a masauki, aƙalla minti 20 kafin a shiga ruwa, a wanke hannu kafin a taɓa gilashi, a maimaita da zarar an fito an goge jiki. Man kaɗanya yana da kyau ga bushewar fata bayan gishirin teku, amma ba ya tare rana yadda za a dogara da shi. Azahar kan riski mutum a kan jirgi. Ƙa'idar da malamai suka sani ita ce duk abin da ya yi ɓawo ya hana ruwa taɓa fata sai an gusar da shi kafin alwala, don haka mai shafa mai kaurin nan ya wanke, ya yi alwalarsa, sannan ya sake shafawa.

Ma'aikatan jirgin su ne suka fi kowa shan wannan rana: matuƙi, yaron kwale-kwale, mai cika tukwane, jagoran da ke nutso kwana shida a mako. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa kusan mutum 19,000 ne suka mutu a 2019 da sankarar fata wadda aiki a rana ya jawo. Baƙo sati ɗaya zai yi ya tafi. Rumfa mai kyau da riga mai dogon hannu ga ma'aikaci hakki ne a kan mai jirgi, kuma mai biyan kuɗi yana da bakin tambaya.

Akwai wani dalili na ƙarshe da ya sa ƙunar rana ta fi haɗari ga mai nutso a kan mai yawon bakin teku, kuma ba a cika faɗarsa ba. Ciwon nutso, wanda ke zuwa idan naitrojin ta yi kumfa a cikin jiki bayan an taso, yana iya fara nuna kansa a fata: ƙaiƙayi, raɗaɗi, dabbare-dabbaren ja da shuɗi. Yana zuwa da kasala, wani lokaci da ciwon kai da jiri. Duk waɗannan mai ƙunar rana ma yana jin su, kuma lokacin bayyanarsu ɗaya ne, 'yan awanni bayan an fito. Mutumin da ya san ya sha rana zai ce ai rana ce, ya haɗiyi maganin ciwo ya kwanta. A baƙar fata kuma dabbaren ba ya fitowa sosai, balle wani ya hango ya ankarar. Abin da ke rarrabewa shi ne wuri. Rana tana ƙona inda ta gani, kuma ƙunarta tana da iyaka a miƙe daidai bakin riga. Ciwon nutso ya fi fitowa a ciki da ƙirji da cinyoyi da kafaɗu, ko da riga ta rufe su yini guda, kuma wurin yakan yi ciwo daga ciki in an danna. In aka ga haka, ko aka ji ciwon gaɓa, ko dindiris a hannu ko ƙafa, ba maganar shafa mai ba ce. A sa wa mutum iskar oksijin, a nufi likitan nutso. Sharm El-Shek da Hurgada duk suna da ɗakin matsin iska da ake jinyar wannan ciwo.

Ƙunar da ta tabbata ta rana ce kuwa, a sanyaya ta da ruwan daɗi, a sha ruwa da yawa, a bar bororo kada a fasa shi, kuma kada a mayar da rigar roba a kan fatar da ta ɗuri ruwa. Wanda ya haɗa nutso da tafiyar umara ko hutu ya kuma tuna da jirgin komawa gida. Ƙa'idar masana lafiyar nutso ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgin sama, saboda naitrojin da ta rage a jiki. Wanda kuma ke da wata alama a fata da bai tabbatar da asalinta ba, ya ga likita kafin ya nufi filin jirgi.